Sujada a Gonar Dawakai

Asuba ta same mu a shirye. Na yi salla a kan kujera, kamar yadda nake yi tun hatsarin motar da ya ɗauke maigidana, ni kuma ya bar mini ƙarfe a gwiwa. Sannan muka fita daga gidanmu na Greensboro, ni da 'yata da ƙawarta mai tuƙa mu. Wata gona muka nufa, gaba da garin Summerfield, inda mata ke taruwa yin motsa jikin da ake kira yoga ranar Asabar. Ban so zuwa ba. 'Yata ce ta dame ni har na gaji da cewa a'a.

Titin Wendover babu kowa sai manyan motocin kaya. Mun wuce siton da nake aikin cika kwalaye a cikinsa, na kau da kai, don ranar ba ta masu siton ba ce. Mun tsaya shan mai, yaran suka sayo kofi mai ɗanɗanon kabewa, tsadarsa ta kusa ta abincin rana. Na kurɓa sau ɗaya na mayar musu.

Da muka bar gari hanya ta yi shiru. Kaka ce, amma ba irin tamu ta Maradi ba. Can hatsi ke nuna, nan ganye. Itatuwa sun yi ja da rawaya, iska na kakkaɓe su a kan kwalta. Kowace ƙofar gida an jera kabewa, manya-manya, wai ado. Na yi ta kallon miyar taushe tana lalacewa a bakin hanya. Dawakai kuwa har bargo aka yafa musu.

Muka isa gonar. Mai koyarwar wata Baturiya ce mai furfura, ta kusa sa'ata. Ta tarbe mu da shayin citta da kirfa. Ta yi bayani, 'yata tana mayar mini da Hausa. Wai idan sanyi ya fara shigowa jiki yakan bushe, hankali ya ƙi zama wuri ɗaya, sai mutum ya nemi abinci mai ɗumi, ya rage gaggawa, ya kusanci ƙasa. Ta ce mu tuɓe takalma mu tsaya a kan ciyawa. Na yi ƙuruciyata duka babu takalmi, ban san magani nake sha ba. Na tuɓe. Raɓa ta soki tafin ƙafata. Rabona da taka ƙasa haka, tun kafin in hau jirgi.

Na riga na faɗa wa 'yata a mota cewa ba zan haɗa hannu in rusuna wa kowa ba. Babu wanda ya ce in yi. Numfashi aka yi ta ja ana saki, ana miƙe hannu, ana lanƙwasa baya. Da aka zo durƙusawa a tabarma na tsaya ƙiƙam. Likita ya daɗe da cewa gwiwar za ta iya. Ni ce ban yarda da ita ba.

Matar ta zo ta ninka bargo ta ajiye a gabana, ta naɗe wani ta nuna bayan gwiwata. Ba ta ja ni ba. Ta ce kada in riƙe numfashi, in sauka lokacin da nake sakin sa. Ashe duk sanda na gwada a gida, numfashin nake ƙunshewa ina jiran zafi. Na saki, na sauka. Gwiwa ta yi ƙara, ba ta karye ba.

Sai ta ce kowa ya miƙa hannu gaba, ya kai goshi ƙasa ya huta. Na bi su a hankali. Ina jin ƙamshin ganye da damshi. Saura kamar faɗin tafin hannu, na tsaya. Na ɗago.

"Mama, please, kin kusa fa," in ji 'yata.

Na ce, "Na gani. Goshin nan ya daɗe bai taɓa ƙasa don Mai shi ba. Ba zai fara da tabarmar yoga ba. Duba mini gabas a wayarki."

Na yi alwala a famfon da ake shayar da dawakai. Ruwan kamar ƙanƙara. Na ari bargunan biyu, na koma bayan rumbun ciyawa, na shimfiɗa mayafina a kan ganye, na ta da sallar walaha. Na yi ruku'u. Na saki numfashi na sauka. Goshina ya taɓa ƙasa. Na daɗe a wurin. Abin da na faɗa tsakanina da Allah ne.

Tashi ne ya gagara. Sai da 'yata ta zo ta kama ni a hammata, tana kuka tana dariya. Na ce ta zaɓi ɗaya. Raka'a ta biyu ma ita ta ɗaga ni.

Da rana aka ba mu miyar kabewa da burodi. Babu gishirin kirki, babu barkono. Na fito da yajina daga jaka, har Baturiyar ta ɗiba, ta yi ta tari tana ƙari. Kafin mu tafi ta nuna mana shafa man riɗi mai ɗumi a tafin ƙafa kafin barci. Na ce mu man kaɗe muka sani. Ta ce shi ma ya yi.

Mun shigo Greensboro da la'asar, Wendover ta cika da motoci kamar kullum. Tafiyar ba ta da nisa. Na yi waɗanda suka fi ta wuya ban dawo da komai ba. Wannan ta nuna mini cewa na iya jure zafi, sakin jiki ne ban iya ba, kuma shi ma koyon sa ake yi.

Kujerar tana nan kusa da darduma. Yanzu ba zama nake yi a kanta ba. Dafa ta nake yi in tashi.