Ranar da Baba Bai Kira La'asar Ba

Komai zan iya mantawa a duniya, ban da ranar da na ɗauko Baba daga Rawayau zuwa asibiti saboda haƙori ɗaya tal.

Baba shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Mutum ne da aswaki ba ya barin aljihunsa, don haka ba ka isa ka ce masa ya je likita ya duba bakinsa ba. Wani haƙorinsa na can ciki ya daɗe yana yi masa zogi in ya sha ruwan randa, shi kuma sai ya cusa kanumfari ya ci gaba da harkarsa. Da abin ya tsananta, sai ya je wurin mai cire tsutsar haƙori a ranar kasuwa. Mutumin ya zuba ƙwayoyin irin wani tsiro a kan garwashi, Baba ya buɗe baki hayaƙi ya shiga, sai ga 'yan fararen abubuwa suna yawo a kwanon ruwa. Ba a daɗe ba ciwo ya ɗauke.

Har waya ya yi mini don ya tsokane ni: "To, ɗan boko, ina likitan naka? Na ga tsutsar da idona." Na yi dariya, hankalina ya kwanta.

Wata rana ina rumfata a kasuwar Dutsin-Ma ina auna masara, sai ga kiran Inna, mahaifiyata. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. "Ka taho yanzun nan. Babanku bai kira La'asar ba, wani ne ya kira."

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba in yana gari. Na bar awon, na hau mashin na nufi Rawayau.

Na iske shi zaune ya jingina da bango. Kumburi ya taso daga kumatu ya cika ƙarƙashin haɓa har wuya, bakin ko cokali ba ya shiga, miyau na zuba. In ya kwanta numfashi ya tsaya. Na sa shi a tsakiya, maƙwabcinmu ya riƙe shi ta baya, muka kama hanyar asibitin Kurfi a kan mashin. Can suna ganinsa suka ce mu wuce Dutsin-Ma, kada mu tsaya. Muka samu mota. A hanya ba abin da nake saurare sai numfashinsa, yana fita da ƙyar kamar tsohon zugazugi. Da na ji ya yi ƙasa sai in girgiza gwiwarsa in ce, "Baba, kana jina?" Sai ya matse hannuna. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibitin Dutsin-Ma likita ya ji labarin, ya girgiza kai. "Malam, ba warkewa ya yi ba. Haƙorin ne ya mutu, ruɓar ta gangara wuya. Da an duba shi tun yana ɗan rami, cikewa kawai za a yi." Tsutsar kuwa, ya ce, ba tsutsa ba ce, cikin ƙwayoyin ne da wuta ta fasa.

Suka tsaga ƙarƙashin haɓarsa suka fitar da mugunya, daga baya suka cire haƙorin. Allah Ya yi da sauran kwana. Ranar da ya sake kiran salla, muryar a dishe, Inna tana tsakar gida tana share hawaye da gefen mayafi.

Bayan wata shida sai ga shi a rumfata da babbar riga, wai in raka shi a duba sauran haƙoran. Na ce bari ni ma in rama tsokanar: "Baba, ai ba wanda ke ciwo."

Ya shafa tabon haɓarsa ya ce, "Wancan ma ai ya bar ciwo."

Tun daga ranar, ni da iyalina ba ma jiran zogi kafin mu je a duba mu. Abin da na koya ke nan: haƙori ya yi shiru ba shi ne lafiya ba.