Gonar Da Kakana Ya Ara Wa Jirgi

Duk lokacin girbi, idan amalanke ya wuce ƙofar gidana da dammunan hatsi, sai raina ya ɓaci, jikokina su rasa dalili. Ku da ba ku san garin Tawa na ƙuruciyarmu ba, bari in gaya muku.

Kakana na wajen uba yana da gona a gefen gari, daf da filin jirgi. Jigawa ce mai albarka, ko damina ta yi rowa ba ma rasa abin sa wa a rumbu. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wani ƙaramin kamfanin jiragen sama ya ce filin ya yi masa gajarta, yana son a ƙara tsawonsa. Wakilinsu ya zo gidanmu tare da mai unguwa. Kakana ya ce gonar gado ba ta sayarwa ba ce, amma zai ba da aro. A Adar aron gona sanannen abu ne: da baki ake yi a gaban shaidu, wanda ya ara kuma duk shekara ya kai dami ɗaya, don kada a manta mai gona. Ranar da ya gama bukatarsa, ya mayar. Wakilin ya yi dariya ya amince. Ba a rubuta komai ba, domin a wurin kakana neman takarda daga mutumin da ya ci tuwon gidanka zagi ne.

Ba zan yi ƙarya ba, mun ji daɗin shekarun farko. Sau biyu a mako jirgi ke sauka, ɗaya ya wuce Agadas, ɗaya ya yi Maradi da Damagaram. Tun yana nesa awaki ke watsewa, ya dira ya tayar da jar ƙura har cikin haƙoranmu. Mu 'yan mata mu ruga da tallan cuku da dafaffen ƙwai, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti su saye tas. Mahaifina ya samu aikin korar dabbobi daga filin. Kakana kuwa ya zauna gindin aduwa yana taƙama, wai gonarsa ce ke saukar baƙi. Duk shekara wakilin ya sayo dami a kasuwa ya kawo cikin mota. Hatsin ma duk ƙaiƙayi, amma tsohon ya karɓa da hannu biyu.

Sai muka ji wai wani babban kamfani ya haɗiye namu. Abin da muka fara gani sabon fenti ne. Daga nan aka soke hanyar Damagaram. Mai son zuwa gabas sai ya fara yin yamma zuwa Yamai, ya kwana, sannan ya dawo ya wuce ta bisa kanmu. Wane irin hankali ne wannan? Kuɗin jirgi ya hau har malaman suka koma bin manyan motoci tare da buhunan albasa. Na Agadas ya daina tsayawa, sai dai mu ji ƙararsa. Jefi-jefi wani ɗan mitsitsi ya sauka, wanda ko kusa da gonarmu ba ya kaiwa. Aka sallami mahaifina, tallanmu ya riƙa dawowa gida yadda ya fita.

Girbi ya zo, babu dami. Kakana ya ce aiki ne ya yi musu yawa. Da na biyu ya wuce, ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ofishinsu. Na bi shi, da kunnena na ji abin da ya faɗa wa sabon akawun, yana kiransa Mushe, wato malam da Faransanci.

"Mushe, zancen gonata ne. Tunda jirgi ya bar sabka, a maido min in shibka."

"Baba, wanda kunka yi magana da shi babu shi yanzu."

"Ya rasu? Allah shi jiƙai nai. Ina magada nai?"

"Ba mutuwa ba ce, saye anka yi. Jirage, da sikeli, da kujerun ga, da hili, duka cikin takarda guda."

Kakana ya ce, "Ashe ana saida abin aro?"

Mai unguwa ya ba da shaida, aka ce magana tana Yamai. Mahaifina ya bi mota har can, aka ce masu kamfanin suna ƙetaren teku. Da ruwan shuka ya sauka, tsohon ya ɗauki sungumi ya shuka gefen da ba a zuba tsakuwa ba. Hatsi ya kai gwiwa, masu gadi suka tuge, aka kewaye wurin da waya. Ƙarshenta mu ne muka ari wani faƙo mai duwatsu a hanyar Affala, mu ne kuma muka koma kai wa wani dami. Mahaifina ya shiga tafiya cin rani bakin teku, ba ma ganinsa sai damina.

Kakana bai taɓa yarda gonar ta tafi ba. Yana kwance ciwon ajali ya yi wasiyya a sa ta cikin gado. Malamin da ya raba ya so ya tsallake, baffanina suka ƙi. Haka aka tsaya a bayan waya ana nuni da sanda: daga nan zuwa can na wane. Da mahaifina ya rasu aka sake yin haka, ni ma aka nuna mini nawa.

Yau gari ya ci gonakin da ke kewaye, kowa na da takardar filinsa, ko ɗan'uwanka ba ya ara maka taki ɗaya sai da sa hannu. Jirage na wucewa can ƙololuwa, yara ko ɗaga kai ba sa yi. Ni da tiya nake awon hatsi a kasuwa, alhali ina da gona. Na san farkonta, na san iyakarta, kuma tunda aka ce tawa ce ban taɓa taka ta ba.