Albishir Ga Malam Ayuba a Kudan

Ikara

Ana kiran asalatu na fita, zamanin soja, lokacin da fetur ya fi zuma tsada. An aiko mini cewa Malam Ayuba, wanda ya koya mana kimiyya a sakandare, jikinsa ya yi tsanani a Kudan. Ni kuwa ina da albishir, tsorona kada ya wuce bai ji ba.

Shi ne yake sa mu miƙa babban yatsa, mu rufe ido ɗaya, mu sauya, mu ga yatsan ya yi tsalle. "Haka ake auna nisan tauraro," in ji shi. "A duba shi yau, a sake bayan wata shida, duniya ta koma wancan gefen rana. Sai dai iska tana sa taurari rawa. Ranar da aka auna daga can saman iska, ku zo ku gaya mini." To, na ji a rediyo an yi.

Gubuci da Makarfi

Akori-kura na samu, aka cusa mu tsakanin buhunan masara. A Gubuci soja suka sauke mu. Ɗaya ya zazzage jakata, ya ga burodi da lemo da allin rubutu, ya ce, "Malamin makaranta? Wuce, kai ma abin tausayi ne." Na ji haushi, amma ai ba ƙarya ya yi ba.

A Makarfi mai ya ƙare. Direba ya ce, "Sai haƙuri, Malam, 'yan bumburutu ma sun ɓuya." Na zauna ina shan rake kamar in yi kuka. Sai bayan azahar wata motar rake ta ɗauke ni.

Kudan

Da la'asar na isa. Ashe Malam ya makance. Matarsa, Mama Saratu, ita ta riƙo shi zuwa tabarma. Da muka gama gaisuwa na ce, "Malam, madubin hangen nesan da aka harba sama yana da wasu ƙananan idanu. Aikinsu su kama tauraro su riƙe, kada madubin ya karkace. Da su aka auna mazaunin taurari, ba rawa."

"'Yan jagora ke nan?" Ya yi dariya har da tari. "Saratu, kin ji 'yan'uwanki."

"Kai dai sha kununka," in ji ta.

Sai ya ɗaga babban yatsa. "Bitrus, duba mini." Na durƙusa bayansa, na saita yatsan da rimin ƙofar gida, na sauya ido.

"Ya yi tsalle, Malam."

"Madalla," ya ce. Wallahi hawaye na yi.

Komawa

A zaurensu na kwana, washegari da magariba ina Ikara. Na gode wa Allah, na gode wa direban motar rake. Kafin mako ya zagayo aka aiko Malam ya rasu. Da safiyar ranar na shiga aji na ce, "Kowa ya miƙa babban yatsansa."