Jakar da ta Haihu Tsakanin Baki da Igiya

Ban taɓa mantawa da ranar da jaka ta haihu a gidanmu na Ruma ba. Rubuta, ɗana, kada ka kula da hawayena, tun da maigida ya rasu ba su neman izini.

Shi fatoma ne, wato mai saukar da fatake, ya tsaya musu a ciniki. Ni ce mai tuwon baƙi. Wata kaka ayarin Zamfarawa ya sauka wurinmu, ɗayansu ya sayar wa wani mutumin Wagini jaka mai ciki. Ya ce "na sallama" gaban maigida. Mai saye ya ce zai zo ya ja ta da safe. Kafin ya iso ta haihu.

A ƙasar Katsina, da an ce "na sallama" ciniki ya ƙare. Zamfarawa kuwa a kasuwanninsu sai igiya ta shiga hannun mai saye.

Bazamfaren ya ce, "Igiya na hannuna ta haihu, ɗan nawa ne."

Na Wagini ya ce, "Bakinka fa, baƙo, aro ka yi shi jiya?"

Madugu, shugaban ayarin, ya rantse in aka hana yaronsa Bazamfaren ɗan jakin, ba za su sake sauka gidanmu ba. Saukarsu kuwa ita ce abincinmu.

Maigida ya leƙo madafi ya ce, "Uwar gida, ƙara man shanu a miya, yau shari'a da cokali za a yi ta." Ya gayyato Sarkin Kasuwa, ya zaunar da su kan akushi ɗaya. Sai da suka ƙoshi maigida ya ce kowa ya faɗi al'adar garinsu.

Aka daidaita cewa daga ranar, mai sayarwa zai ce "na sallama" yana miƙa igiya, gaban dillali. Madugu ya ɗauki alkawarin haka za a yi wa Rumawa in sun je can. Ɗan jakin kuwa, ya bi uwarsa Wagini har yaye, sannan Bazamfaren ya karɓa.

Na Wagini ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da raino, shi da hawa?" Har Sarkin Kasuwa sai da ya ƙware don dariya.

Ku masu tasowa, falke ba ya gudun doka mai tsauri, doka biyu a kan jaki ɗaya yake gudu. Ayarin bai sauya masauki ba sai da mai masaukin ya kwanta dama. Allah ya jiƙansa.