Ruwan da Bai Tuna wa Inna Kowa Ba

Tun ina budurwa a Tsafe nake son baho. A littattafan da nake karɓa haya a bakin kasuwa, duk amaryar da ta yi dace sai an kai ta gida mai banɗaki kamar falo, ta shiga ruwan ɗumi har wuya, ƙamshi na bin ta duk inda ta gifta. Ni kuwa sai in rufe littafi, in ɗauki bokiti da soso in nufi bayan gida, ina taka duwatsun da aka jera saboda caɓi. Ban taɓa jin haushin bokitin ba. Na dai sa a raina wata rana zan shiga ruwa har wuya.

Da muka gina gidanmu a Gusau, maigidana, mutumin Bungudu da bai ga abin da bokiti ya rasa ba, ya gaji da nacina ya sayo bahon. Ƙato ne, mai wurin zama a ciki, yana ɗumama ruwa da kansa, yana kuma feso shi a bayan mutum. Masu haɗawa suka ce ba a zubar da ruwansa kullum, yakan yi makonni a ciki, don haka dole a riƙa sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Suka bar mana robar garin kulorin suka tafi. A littattafaina babu wanda ya taɓa maganar kulorin.

Kafin in more shi sosai aka kawo Inna, mahaifiyata. Damina ta sauka, gwiwoyinta sun kumbura, ta daɗe tana salla a kan kujera. Abin da ya fi cin ranta ke nan. Ta ce mini tana jin kamar gaisuwa take yi daga nesa, goshinta ya manta tabarma. Likita ya ba ta magunguna, ya ce zama cikin ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, zai iya sassauta mata gaɓoɓi. Na ji kamar don ita aka ƙera bahon. Ita kuwa tun a mota ta sanar da mu cewa ba zama ta zo yi ba, awakinta na jiranta, kuma da ta ji dama-dama za ta koma.

Washegari da hantsi na cika baho, na zuba kulorin, na ƙara kaɗan don in tabbatar. Na riƙo hannunta har ƙofar banɗaki. Tana isa ta tsaya cik. Inna ta shekara da shekaru tana haɗa wa amaren Tsafe humra da turaren wuta, hancinta ba ya kuskure. Ta ɗan ja numfashi, sai na ji hannunta ya yi nauyi a nawa.

"Mai da ni ɗaki," ta ce.

"Inna, ko ƙafa ki sa."

"Wanga warin na san shi. Da shi suke goge ɗakin da babanku ya kwanta."

Ni ma na zauna a ɗakin nan na asibiti, na ga ana jan tsumma a ƙarƙashin gadon Baba ranar da ya cika. Ni na manta warin, ita ba ta manta ba. Da la'asar na tarar ta fara ninke zannuwanta.

Na roƙe ta ta ƙara mini kwanaki. Na zubar da ruwan duka. Gwaggon maigidana da ta ji labari ta aiko daga Bungudu da alimun, ta ce da shi suke kwantar da ruwan gulbi ya yi garau, mene ne kuma ruwan famfo. Na sa, ruwa ya yi kyau kamar madubi. Zuciyar littafi ta motsa, na tsiyaya humrar Inna a ciki, na shiga da kaina don gwaji. Ranar dai na zama amaryar da nake karantawa. Bayan 'yan kwanaki gefen bahon ya fara santsi, ruwan ya yi hazo, wani maiƙo na yawo a sama, ni kuma ƙananan ƙuraje suka feso mini a kafaɗa.

Maigida ya dube ni ina susa, ya ce, "Hajiya, a wane babi ne amarya take wannan?"

"Malam, ka bari."

"Tambaya na yi. Ni ban karanta ba."

Na yi dariya ba don ina so ba. Amma na gode Allah da ba Inna ce ta shiga ba. Ma'aikaciyar asibitin da ta ba ni man shafawa ta ce alimun datti yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta, ruwan ɗumi kuma da ya zauna wurin hayayyafarsu ne. Ga shi nan: ba magani, ƙuraje; da magani, Inna ba za ta shiga ba. Jakarta kuma tana jingine a bayan ƙofa.

Ni da maigida muka je Sabon Gari, shagon wani da ke sayar wa otal-otal kayan gyaran ruwa. Na faɗa masa matsalata ba tare da na ambaci Baba ba. Ya ce akwai na'urar da ake zuba wa gishiri, amma ita ma kulorin take haifarwa, kuma tana son wuta tsayayya. Akwai kulorin ɗin, wanda in an auna shi daidai warinsa ba ya kai wanda na ji ba. Sai kuma wasu fararen ƙwayoyi, buromin, da aka fi sa wa ruwan zafi, ana zuba su a wata 'yar roba mai yawo a kan ruwa suna narkewa a hankali. Su ma suna da nasu warin, ya ce, amma daban ne. Ya ba mu siraran takardun da ake tsomawa a ga ko maganin ya isa, ya kuma ja mana kunne kada mu taɓa haɗa garin kulorin da ƙwayoyin a mazubi ɗaya, kada kuma mu shinshina su a bushe.

"To wanne za mu ɗauka?" in ji maigida.

Na tsaya ina kallon robobin. Sai na tuna yadda iyayen amare ke zuwa wurin Inna. Ba ta taɓa ce wa kowa ga humrar da za ki saya ba. Takan jera kwalabe, ta ɗiga a bayan hannun mace, ta ce ta tafi ta zaga ta dawo, abin da hancinta ya karɓa shi ne nata. Na ce ya ba mu buromin ɗin kaɗan, kulorin muna da shi a gida.

A tsakar gida na ajiye manyan robobin wanki biyu nesa da juna, kowace da ruwan ɗumi da nata maganin, ina tsoma takarda ina ƙara ruwa har launin ya zo inda mai shago ya nuna. Na ɗebo kowanne a kofin tangaran, na ɗora a faranti, na kai wa Inna ɗaki kamar mai kai shayi.

"Mi ne ne wanga kuma?"

"Humra na haɗa, Inna. Na kawo ki duba mini."

Ta harare ni, amma ta miƙo hannu. Sana'a ba ta barin mutum. Na ɗiga na farko a bayan hannunta. Ta kai hanci, ta kawar da kai.

"Ya yi sauƙi. Amma shi ne dai."

Ta goge da gefen zani, ta miƙo ɗaya hannun. Na ɗiga na biyu. Ta shinshina, ta jira, ta sake shinshinawa.

"Ba daɗi gare shi ba," ta ce. "In da amarya ce ta kawo mini, da na ce ta zubar." Ta sake kai shi hanci. "Amma wanga bai tuna mini kowa ba."

Na fita da farantin, na je na shaida wa maigida.

Muka wanke baho tas, muka cika shi, muka jefa 'yar robar buromin tana yawo. Inna ta shiga da ɗaurin ƙirji, ina riƙe da ita, tana faɗin ita ba kifi ba ce. Ta gindaya sharuɗɗanta: ba za ta daɗe ba, za ta ɗauraye jiki da ruwan famfo bayan ta fito, alwala kuma da butarta, kuma kada in kunna abin nan mai dukan baya. Ta zauna ruwa ya kai mata ƙirji. Ta lumshe ido.

"Ashe abin da kike karantawa ke nan kina ƙona mini tuwo," ta ce.

Ba ta koma Tsafe a makon ba. Ta aika wa maƙwabciyarta ta ci gaba da duba awaki, jakar ta tashi daga bayan ƙofa ta koma cikin durowa. Kowace safiya ni ke tsoma takarda, ita ke kai hanci, kuma sai mun yarda mu biyu take shiga. Gwiwoyin ba su warke ba, ba zan ce sun warke ba. Sun dai yi laushi, da maganin likita da ruwan tare.

Wata la'asar, damina ta kusa ɗaukewa, na leƙa ɗakinta in kai mata fura. Kujerar sallar tana gefe, an ture ta jikin gado. Inna tana ƙasa, goshinta a kan tabarma. Na tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu har ta sallame. Ta juyo ta gan ni.

"Kin tsaya kallo kamar a littafi," ta ce. "Ajiye kwanon ki zo ki ɗaga ni."