Juyi Uku a Notin Yaya Bitrus

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Bitrus, kuma har yau fiyanon majami'armu, a wani ƙauye bayan Kafanchan, bai sake ɗaga murya ba. Baƙi kan ce tsufa ne ya kama shi. Ina! Aikin hannun Yaya ne, ni ce ma na riƙe masa murfin ƙasan fiyanon ranar da ya yi shi.

Yaya malamin firamare ne, amma gyaran fiyano ne ya cinye masa zuciya. Shi ya nuna mini aikin fedar hagu: idan aka taka ta, wata sanda takan tura 'yan gudumomin da ke dukan wayoyi su matso kusa, sai dukan ya yi sauƙi, sauti ya kwanta. A gindin sandar akwai noti mai kunne biyu. Idan ya saki, ka taka feda a banza. Idan ya matse da yawa, fiyano ya zauna da ƙaramar murya ko ba a taka komai ba. Shekara da shekaru Yaya na zagin masu gyaran da ke matse notin nan, yana ce musu makanikan keke.

Sai ga shekarar da 'yan bindiga suka fara shigo wa ƙauyuka a kan babura. Dattawa suka sa maza biyu su tsaya a ƙofa lokacin sujada, kunnensu a kan hanya. Wata Lahadi masu tsaron suka ce ba sa jin komai sai kiɗa. Fasto ya ce to a rufe fiyanon. Yaya ya ƙi. Taka fedar kuma ba ta isa ba, domin idan waƙa ta yi daɗi ƙafa mantawa take yi. Washegari ya durƙusa ya matse notin sau uku, da hannunsa, shi mai zagin wasu.

"Yaya, ka ɓata shi fa," na ce.

"Na sani, Saratu. Ranar da muka daina tsaron ƙofa, juyi uku ne kawai, ni zan kwance."

Bai kwance ba. Da damina ta biyu aka tare motarsu yana dawowa daga gyaran fiyanon wata makaranta a Samaru Kataf. Jakar kayan aikinsa ce ta iso gida kafin gawarsa. Har yau haushi nake ji, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Majami'u sun cika da lasifika da janareto, ana kiɗa kamar za a tsaga kwanon rufi, ba don an samu lafiya ba, sai don an gaji da tsoro. Na san zai yi tsaki ya fita ya duba ko akwai mai tsaye a ƙofa. A tamu dai akwai, sai dai 'ya'yan masu tsaron farko ne.

Watan jiya sabon fastonmu ya kira wani mai gyara daga Sabon Tasha, Malam Ishaya, mutum mai natsuwa da sanin aiki. Yana taɓa madannai ya ji sai sun nutse rabi kafin su kama. Ya buɗe ƙasa, ya girgiza kai.

"Mama, wane ne ya yi wannan ɓarna? Minti biyu ne, in kwance muku."

Wallahi na so ya kwance. Jikokina ba su taɓa jin ainihin muryar fiyanon nan ba, ni kuma kunnena ya fara nauyi. Na ba shi labarin, na ce ya fara shan kunu kafin in yanke shawara. Sai na ga yana ta duban agogo.

"Lafiya, Malam?"

"Mama, ki yi haƙuri, so nake in wuce dajin Kasuwan Magani kafin ƙarfe huɗu. Matata ta kira sau biyu."

Na ce ya mayar da murfin yadda ya same shi.

Littattafan Yaya gara ta ci, gidansa wasu ke ciki, yaran da ya koyar sun watse Kaduna da Abuja. Abin da ya rage mana nasa shi ne juyi ukun nan, ɓarnar da ya yi da gangan domin mu ji abin da ke zuwa. Na nuna wa 'yata Rifkatu inda notin yake da ɓangaren da ake juya shi, saboda na daina sa rai ni ce zan kwance.