Raɗar Baffa a Kunnen Ɗana

Wautata ta kai har ina kishi da mamaci. Jiya a kasuwar Kebbe jikana ya kwanta ƙasa yana birgima saboda rake. Na buɗe baki zan daka tsawa, sai ubansa, ɗana Sani, ya durƙusa ya yi masa raɗa. Yaro ya yi tsit. Nan take na tuna Baffa, ƙanen mahaifina.

Haka yake yi wa Sani yana ƙarami. Ni in yi ta ihu har awakin maƙwabta su watse, yaro ko gezau. Baffa kuwa sai ya zo yana ƙamshin goro, gwiwoyinsa na ƙara, ya durƙusa daidai tsawon yaron, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Dole mai kuka ya yi shiru in yana son ya ji. Sai in ga ɗan da na haifa ya kama masa yatsa sun tafi, an bar ni da tsumagiya a hannu.

Na taɓa cewa, "Baffa, wace addu'a kaka tofa mishi? Ba ni ita." Dariya kawai ya yi.

Allah ya sanyaya kabarinsa kamar yadda muryarsa take, ni kuma ya rage mini wannan kishi.

A hanyar gida na tambayi Sani sirrin. Ya ce, "Baba, ba addu'a ba ce. Tambayata shika yi, mi ya same ka? Kai ba ka taɓa tambaya ba."